Rumfar furanni a ajin ƴan jardan: ta yaya za ta zauna a Maraɗi?

Wata malama da ke riƙe da ajin ƴan shekara 4 zuwa 5 a wata makarantar renon yara, wato jardan, a nan Maraɗi ta aiko da tambaya. Ta ga a waya yaran Turai suna wasan shagon furanni, da furannin roba da ɗan tebur da akwatin kuɗi, tana son ta yi wa ajinta irinsa. Damuwarta uku ce: ba ta da kuɗin sayen kayan, yaranta ba su taɓa ganin inda ake sayar da fure ba, sannan wasu iyaye sun fara cewa ba su kawo ƴaƴansu a koya musu talla ba.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ki yi wasan, yana da amfani sosai. Amma kada ki kwafo abin da kika gani a waya yadda yake, don ba zai zauna ba. Cikin damuwarki uku, ta kuɗi ita ce ƙarama. Ta biyun ce babba, kuma da ita zan fara.

Duk wasan da yaro ke yi na "a ce ni ce uwa, ke ce ɗiya", daga abin da idonsa ya gani yake ɗebo shi. Yarinyar da kika gani a waya ta sha bin uwarta shago a sayo wa kakarta fure za a je dubiya, ta san wanda ke saye, ta san dalilin sayen, ta san yadda ake naɗe shi a takarda. Naki ba su san wannan ba. In kika jera musu furannin roba a tebur kika ce "ga shago", ƴan matan za su soka a kitso, mazan su yi jifa da su, kafin a tashi tara an watse. Ba laifinsu ba ne, ba su da labarin da za su ɗora wasan a kai.

To amma yaranki suna da abin da waccan yarinya ba ta da shi. A Maraɗi aka haife su, garin da ciniki ke shiga kunnen yaro tun yana goye. Ɗan shekara 4 an aike shi sayen magi a butik ɗin unguwa, ya ga uwarsa tana taya tumatir, ya ji mai kaya ya ce "albarka", ya san ana neman gyara in an sayi gyaɗa. Rabin wasan ke nan, kuma yana hannunsu. Abin da ya rage miki shi ne ki nuna musu cewa fure ma kaya ne, kuma akwai dalilin da mutum zai saye shi.

Dalilan kuwa suna nan cikin rayuwarmu, ba mu dai lura da su ne. Akwai masu renon dashe a bakin hanya, da ƙananan itatuwansu cikin baƙar leda. Akwai furannin roba a babbar kasuwa da ake saye don jeren ɗakin amarya, da waɗanda ake manna wa mota ranar ɗaukar ta. Akwai soɓo da ake aunawa a tiya. Akwai zanen fure a jikin atamfa da kwanonin jere. Ki fara da kai su su gani, ko da mutum goma-goma ne, wurin mai dashe mafi kusa da makaranta. In fita ba za ta yiwu ba, ki roƙe shi ya zo da ƴan ledoji uku ko huɗu, ki saya a gabansu, ki taya, ya ƙi, ki ƙara, ya sallama. Gani ya kori ji. Washegari ba sai kin ce musu kome ba, za ki ji wani yana kwaikwayon muryarsa. Kuma ki kira wurin rumfa, tabarma da faifai da ƙoƙo sun isa, don irin wannan kasuwar suka sani.

Sai kayan sayarwa. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, daidai ƙarshen damina, lokacin da gari ke da sauran ɗanye: tafasa da rawayan furenta, kabewa a kan danga, kuɓewa, yakuwa. Ki yi amfani da wannan ɗan lokaci, don ba ya daɗewa. In rani ya shiga akwai zogale, wanda ke fure kusan kullum inda ake ba shi ruwa, kuma yankinmu ba ya rasa shi, ga lambunan Jiratawa nan. Gawo na fure a farkon rani, lokacin da yake fitar da ganye sauran itatuwa na zubarwa. Bagaruwa na da ƴan dunƙulallun furanni rawaya masu ƙamshi, sai dai ke za ki tsinko saboda ƙaya. Mangwaro na huda da sanyi, dogon yaro kuma wajen bazara. Lalle ma in kin samu, furensa ƙanana ne amma ƙamshinsa na cika aji. Abu ɗaya nake so ki koya musu tun ranar farko: ba a tsinke furen abin da ake ci sai da izinin mai shi, domin kowane furen kuɓewa kuɓewa ce gobe. Ki ɗaura zare a jikin fure ɗaya a bayan aji, su riƙa leƙawa kowace safiya. Za su ga ya buɗe da safe, ya yanƙwane a yinin, ya faɗi, sai ga ƴar kuɓewa ta leƙo. Wannan darasin kimiyya ne cikakke, ba alli ba allo.

A nan zan daɗe, don nan ne hatsarin yake. Yawancin furannin da suka fi ɗaukar ido a garinmu su ne masu dafi, kuma da zarar kin buɗe rumfa yara za su fara tsinko miki kaya a hanya. Tumfafiya tana ko'ina, furenta fari da ɗigon shuɗi gwanin kyau, amma farin ruwanta in ya shiga ido yana ƙona shi, har gani ya dushe. Haka ruwan aguwa da ake shinge da ita. Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki, ba banza ake kiransa haukata-yaro ba, ganyensa da furensa da ƴaƴansa duk guba ne. Kariya, wadda ke fitar da fure ruwan hoda da rani ba ganye a jikinta, ruwanta na taɓa zuciya. Akwai kuma wata da ake shukawa a ƙofar ofisoshi da manyan gidaje, mai siraran dogayen ganye da fure ruwan hoda ko fari, da Faransanci loriye roz, ita ma kowane sashe nata dafi ne. Ƴaƴan zurma da na bini-da-zugu suna kama da abin ci, kaɗan daga cikinsu na iya kwantar da yaro. Ki haɗa da rai-ɗore, wanda ke kama da tafasa, ƴaƴansa na yi wa hantar yara lahani.

Saboda haka dokar rumfa ta farko: duk abin da aka kawo, sai ya bi ta hannun Madam kafin ya hau faifai. Abin da ba ki sani ba, waje. Doka ta biyu: kayan rumfa ba a kai shi baki, ko da zogale ne da muke ci a gida, domin ɗan shekara 4 ba zai riƙe wanne ne halal wanne ne haram cikin furanni goma ba, doka ɗaya yake iya riƙewa. A wanke hannu da sabulu bayan wasa. In ruwan tsiro ya shiga idon yaro, ki yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15 sannan a kai shi gidan likita. In ya haɗiye wani abu, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa mai ko nono, a tafi da shi nan take, a riƙe reshen abin da ya ci don ma'aikatan lafiya su gani. Ƙananan ƙwayoyi irin su wake da ƴaƴan dogon yaro kada su shiga wasan, hanci da kunne suke ƙarewa. Kuma kada ki jera furanni cikin gwangwanayen ruwa. Ruwan da ya kwana mako ɗaya ko biyu ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe. Ki cika gindin robar ruwa da jiƙaƙƙen yashi a soka furen a ciki, ya fi tsayuwa ma, kuma ba ya zubewa.

Da yake ɗanyen fure ba ya kwana, yawancin kayan rumfar na hannu ne, kuma yaran ne za su yi su. Ki je wurin tela ki roƙi ƙyallayen da yake sharewa. Sillen kara shi ne sanda, a tattare ƙyalle a ɗaure a kansa da zare, fure ya samu. Tsofaffin takardu a shafa musu ruwan soɓo su yi ja, ko ruwan kurkum su yi rawaya. Busasshen soɓo shi kansa kaya ne, a auna shi da marfin roba a matsayin tiya. Kada ki zauna da dare kina yi musu masu kyau. Yagewa da murɗawa da ɗaurewa su ne ke ƙarfafa ƴan yatsun da za su riƙe alƙalami baɗi, kuma yaro ya fi kare farashin abin da ya yi da hannunsa, ko da a karkace yake.

Maganar kuɗi tana buƙatar natsuwa, saboda a ƙasarmu lissafin kuɗi hawa biyu ne. Ƙarfen da aka rubuta 100 a jikinsa, a kasuwa dala 20 ne. Mai 25 dala 5 ne, mai 500 dala 100. Yaro zai zo ya koyi wannan ninki biyar ɗin a firamare, amma a jardan ya yi masa nauyi. Kada ki kawo kuɗin gaske, ga datti ga haɗiya, kada kuma ki zana takardu masu 500 da 1000. Ki tara manyan marafan robar lemo, kowane marfi dala ɗaya. Farashi daga dala 1 zuwa dala 5, a rubuta lambar a ƴar takarda da ɗigo-ɗigo a gefenta, wanda bai san lamba ba ya ƙirga ɗigo. Kowane mai saye a ba shi marfi biyar a ƙoƙo. Canji ki bar shi sai can ƙarshen shekara, ga waɗanda suka nuna sun kai.

Ga abin da za ki riƙa kallo. A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace abin da ƙirga ta ƙunsa a wurin ƙaramin yaro. Uku daga ciki su ne namu: kowane abu lamba ɗaya yake ɗauka, lambobin suna da jerin da ba ya sauyawa, sannan lambar ƙarshe ita ce jimillar abin da aka ƙirga. Yara da yawa suna rera "ɗaya, biyu, uku" har ashirin, iyaye na murna, amma ki ce su ba ki marfi huɗu sai su damƙo miki cikin hannu. Waƙar suka iya, ba ƙirgar ba. A rumfa ba a ɓoye wannan, domin mai kaya ba zai yarda a ba shi uku a kan huɗu ba. In yarinya ta ƙirga miki furanni, ki tambaye ta, "To, nawa ke nan?" In ta ce "biyar" kai tsaye, ta kama. In ta koma daga ɗaya, da saura, kuma ba abin faɗa ba ne, ki sake zuwa sayayya gobe.

Wannan ya kawo ni kan matsayinki, wanda shi ne ya fi yi wa malamai wuya. Ke mai saye ce, ba mai gyara ba. Ki yafa gyale, ki ɗauki ƙoƙonki, ki yi sallama.

"Salamu alaikum, mai rumfa."

"Amin, Hajiya, sannu da zuwa."

"Jan nan nawa?"

"Dala biyar."

"Kai, ya yi tsada. Na saya uku."

"Albarka."

"To, huɗu. Ƙanwata ce ta haihu, zan kai mata barka."

"Kawo kuɗi."

"Ba gyara?"

Dubi abin da ke cikin wannan ɗan ciniki: gaisuwa, sauraro, jiran a gama magana, sunan launi, kwatanta uku da huɗu da biyar, da ƙin amincewa ba tare da faɗa ba. Kuma kin jefa musu dalili, haihuwa, wanda za su ɗauka su gina a kai. Gobe za ki ji ana sayen fure don suna, jibi don amarya, gata don wanda aka kwantar a likita. In wasan ya tsaya, ki shigo da matsala: marafanki uku ne kina son na dala biyar, ko kina son "wanda ya fi tsawo", ko fari biyu da rawaya ɗaya. Ki bar su su warware. In kina son Faransanci ya shiga, ki zo wata rana a matsayin baƙuwar da ba ta jin Hausa, su yi ta fama su fahimtar da ke. Amma cinikin yau da kullum ki bar shi cikin harshen da suke tunani da shi. Da kin ga wasan ya kama, ki janye gefe ki yi shiru. Malamar da ta tsaya a kansu tana "ba haka ake yi ba" ta mai da wasa darasi, kuma yara na ganewa nan da nan.

Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934, ya lura da wani abu da kowace uwa ta gani amma ba ta ba shi suna ba: a cikin wasa yaro yana iya abin da ba ya iyawa a waje. Dalili shi ne kowane matsayi yana zuwa da dokokinsa. Mai rumfa ba ya barin kayansa ya tafi guje-guje, mai saye ba ya ɗauka bai biya ba. Ba ke kika sa dokar ba, shi ya ɗora wa kansa don wasan ya yi daɗi. A 1948 wata mai bincike a Tarayyar Sobiyet, Manuilenko, ta gwada haka: in aka ce wa ƙananan yara su tsaya cik ba motsi, ba sa daɗewa, amma in aka ce su ne masu gadi a cikin wasa, sai su daɗe ƙwarai fiye da haka. Yaron nan da ya hana ajinki zama, ki ba shi gadin rumfa ki gani. Haka nan, lokacin da marfi ya zama dala, ƙyalle ya zama fure, yaro na koyon cewa abu na iya tsayawa a madadin wani abu, kuma a kan wannan karatu da rubutu suke tsaye. Sai dai kada ki yi wa iyaye alkawarin da ya wuce kima. A 2013 Angeline Lillard da abokan aikinta sun bi diddigin bincike masu yawa kan irin wannan wasa, suka ce shaidar ba ta kai a ce shi kaɗai ke haifar da basira ba. Ni a ganina hanya ce mai kyau cikin hanyoyi, kuma amfaninta na ƙaruwa ne da yawan maganar da ake yi a cikinta.

In akwai ƴan shekara 3 a ajin, kada ki damu in kin ga suna cika ƙoƙo suna juyewa kusa da juna ba ciniki. Tun 1932 Mildred Parten ta bayyana cewa ƙanana kan yi wasa gefe da gefe kafin su kai ga wasan haɗin gwiwa. Lokacinsu na zuwa.

Na san ajinki cike yake, kuma kowa zai ce shi ne mai rumfa. Mutum shida zuwa takwas sun isa a lokaci ɗaya, sauran na wani aiki, ana juyawa. Ki ba su kamar rabin awa, domin minti goman farko a rabon matsayi da jera kaya yake tafiya. Ki yawaita matsayi: mai lambu da ke kawo kaya, mai amalanke, ɗan kabu-kabu da ke kai wa Hajiya saƙo gida, mai ƙulla furanni, mai gadi. Da haka mazan ma za su shiga ba wanda zai ce wasan mata ne, ƴan mata kuma su riƙe kuɗi su yi gadi. In rigima ta tashi kan fure ɗaya, kada ki yi saurin raba gardama, ki tambayi mai rumfa yadda za a yi. Sau da yawa hukuncinsa ya fi naki karɓuwa.

Iyayen da suka yi maganar talla, kada ki raina tsoronsu. Sun ga abin da talla ta yi wa ƴan mata da yawa: ta fitar da su daga aji, ta tsayar da su a tasha da bakin titi da tire a ka, cikin mutanen da ba su sani ba. Uban da ya biya kuɗi ya kawo ɗiyarsa jardan, gudun wannan ya yi. Ki gaya musu a fili cewa yarinyar da ke talla aiki take yi don wani, da kuɗin gaske, kuma in ta yi asara duka ne. Ta rumfarki tana cikin aji, gaban malama, tana koyon ƙirga da magana, in ta gaji ta tashi. Ki tuna musu cewa wasa haƙƙin yaro ne a sashe na 31 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990. Amma takarda ba ta kai gani ba. Ki gayyato su wata safiya, ki ba kowa marfi biyar a ƙofa ya shiga ya yi sayayya wurin ɗansa. Uwar da ɗiyarta ta ƙirga mata furanni huɗu daidai, ta kuma ce mata kuɗinta bai cika ba saura dala ɗaya, ita za ta yi wa sauran bayani. Ki kuma guji ɗora musu faifai a ka suna zagaya aji suna kiran kaya, don wannan hoton ne ke tayar wa iyaye da hankali. Rumfa a zaune take.

Bayan mako biyu ko uku za ki ga kasuwar ta fara mutuwa, masu saye sun ragu. Ki ƙara sabon abu ɗaya: ma'auni, ko littafin bashi da ake yin zane-zane a ciki, ko ledojin dashe na gaske da suka shuka zogale a ciki, tunda yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, su riƙa ba shi ruwa suna sayar wa juna. In duk da haka ba ta farfaɗo ba, ko kika ga sun mai da ita rumfar mai shayi ko gidan likita, ki bar su, ki kwashe furannin ki adana a kwali har lokacin da mangwaro zai yi huda.